Turawan Fadaman Mada

Kwalbatin bayan gidanmu ya rufta ne a ƙarshen damuna, ranar da wata tifa ɗauke da yashi ta ce sai ta bi ta lungunmu don ta guje wa cunkoson babban titi. Tifar ta wuce, kwalbatin bai wuce ba. Tun daga nan ruwan da ke gangarowa daga saman unguwarmu, Fadaman Mada, ya rasa hanyarsa, sai ya nemi sabuwa, kuma sabuwar ba ta zaɓi ko'ina ba sai bangon ɗakin Inna.

Bangon na jar ƙasa ne. Baba, Allah ya jiƙansa, shi ya gina shi da hannunsa shekarar da ya auro ta. Kafin ruwa ya ɗauke a waccan damunar, tsaga ta fito daga gindinsa har kusa da taga. Na yi na yi Inna ta koma ɗakin gaba, ta ce in an ga ta bar ɗakin nan to a makara ne.

"Kai dai ka nemi a gyara hanyar ruwa," in ji ta. "Ruwa ba ya sallama, Hafizu."

Wannan maganar ba ta rabuwa da bakinta. Ko buta ce ta kife a tsakar gida sai ta faɗe ta.

Duk tsawon rani na yi ta sintiri wurin kansilanmu, Honarabul Ɗanlarai. Kullum amsa ɗaya: ana kan dubawa. Sau ɗaya ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ramin, ya gyara hula, aka ɗauke shi hoto yana nuna ramin da ɗan yatsa kamar shi ya gano shi, ya shiga mota ya tafi.

Ina da 'yar rumfar gyaran waya a bakin titi. A damana akwai injin markaɗen Anti Patricia, a haguna Hammajoda mai faci. Ƙanen Anti Patricia, Prosper, yana karatun jami'a a Yelwa, yakan zo ƙarshen mako don ya ci abincin da ba shi ya dafa ba. Shi ya fara kawo shawarar.

"Matsalarku kuna kai kuka ofis," ya ce, yana kankare ƙanzon tukunyar yayarsa. "Wa yake zama a ofis yanzu? Manya duk suna Tuwita. Ka gaya wa mutum magana a gabansa, ya ce Allah ya shirye ka. Ka rubuta a can, jama'a su maimaita, kafin la'asar ka ga motar siminti."

"In haka ne me ya sa ba a gyara muku ruwan ɗakunan kwananku ba?" in ji Anti Patricia. "Kullum nan kake zuwa wanka."

"Anti, wannan wani babi ne daban."

Muka tsayar da ranar Asabar za mu fara. Na ɗauki hotunan ramin da na bangon Inna, Prosper ya zaɓi taken da kowa zai riƙa maƙalawa a rubutunsa: #AGyaraManaKwalbati. Ranar Juma'a sai ga labari a rediyo: gwamnati ta dakatar da Tuwita a duk faɗin ƙasar.

Hammajoda ya ajiye tayar da ke hannunsa.

"Kun gani ko? Tun ba mu fara ba sun ji tsoronmu."

Prosper ya ce ba komai, akwai abin da ake kira VPN. Ya ce kamar mutum ne aka hana shi shiga gidan biki ta ƙofa, ya zagaya ta katangar maƙwabta. Wayarka tana Bauchi, amma duniya za ta ɗauka kana wata ƙasa. Na sauko da ɗaya na duba. Amurka sai ka biya, Ingila sai ka biya, Dubai ma sai ka biya. Ƙasa ɗaya ce tak kyauta, can ƙasan jeri, da 'yar tutarta: Latbiya.

"Ina ne nan kuma?" in ji Hammajoda.

"Turai," in ji Prosper.

"Ta wane gefe?"

"Gefen sanyi."

A cikin mako guda na kwashe kusan rabin unguwarmu na kai su Latbiya. Masu keke, teloli, matan aure, har da ladanin masallacinmu, wanda ya ce shi don ya ga abin da yaran zamani ke yi ne kawai. Wayoyi suka fara nuna mana tallan rigunan sanyi da busasshen kifi. Ana zafi kamar a gasa masara, wayar Hammajoda tana ba shi shawarar ya ɗauki rigar ɗumi in zai fita.

Inna ma tana da waya, wadda yayata ta saya mata don sauraron wa'azi. Da na gama sa mata, na yi mata bayani, ta riƙa juya wayar a hannunta.

"To yanzu da muke can, ƙasaru za mu riƙa yi ko cikakkiya?"

"Inna, wayar ce kawai ta tafi. Ke kina nan."

"To Allah ya kiyaye hanya. Ta dai dawo kafin ruwa."

Ana cikin haka aka sake jin wata sanarwa, wai duk wanda aka kama yana zagayawa ta baya yana shiga Tuwita za a iya gurfanar da shi. Nan fa jikin 'yan gwagwarmaya ya yi sanyi. Wani tela ya zo da gudu in cire masa, wai yana da mata da 'ya'ya. Prosper ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa: tunda wayoyin suna Latbiya, masu wayoyin ma su zama 'yan Latbiya. Kowa ya cire sunansa da hotonsa, ya sa na Turawa.

Ranar rumfata ta koma gidan suna. Anti Patricia ta zama Madam Ingirid, ladan ya zama Mista Boris, telan nan ya zama Dokta Hans. Masu tsoron sa hoton mutum suka sa na dusar ƙanƙara. Hammajoda ne kaɗai ya ƙi.

"Ragon da aka yanka mini bai mutu a banza ba," ya ce.

Da ƙyar ya yarda aka ƙara masa wutsiya, ya zama Hamma Jodaski. Inna kuwa Madam Olga muka sa mata, da hoton wata kyanwa mai gashi zaune a kan ƙanƙara. Ba ta iya rubutu a waya ba, sai ta faɗa in rubuta. Kuma duk abin da ta faɗa, ƙarshensa ɗaya ne: ruwa ba ya sallama.

Muka shiga rubutu ba ji ba gani. Mai markaɗe tana jiran layi tana rubutu, mai keke yana jiran fasinja yana rubutu. Aka zagi kwalbati, aka zagi tifa, aka zagi hular Honarabul. A Najeriya shiru kake ji. Har na fara cewa mun ɓata data a banza, sai ga Prosper ya sauko daga kan acaɓa tun bai gama tsayawa ba.

"Mun zo na ɗaya!"

"A Bauchi?"

"A Latbiya!"

Ya nuna mana. Ga kwalbatinmu a saman duk abin da ake magana a kai a ƙasar, sama da ƙwallonsu, sama da siyasarsu. Prosper ya ce ba abin mamaki ba ne, duk ƙasar ba ta kai jihar Bauchi yawan jama'a ba, kuma da alama mutanenta ba su da surutu kamarmu.

"To su za su gyara?" in ji Anti Patricia.

Prosper ya ci gaba da latsa wayarsa.

Turawan gaske suka fara leƙowa suna tambayar mene ne wannan abu da ya cika musu waya. Yawancinsu suka gaji suka tafi. Mutum ɗaya ya tsaya, wani dattijo mai farin gemu, a hotonsa yana rungume da ƙaton kifi kamar jariri. Sunansa ya gagari bakinmu, sai muka kira shi Mai Kifi. Ya rubuto da Turanci cewa aikin magudanan ruwa ya yi har ya yi ritaya, kuma rabon da ya ga rami mai ban sha'awa irin namu ya daɗe. Ya sa na ɗauko masa hoto ta gabas da ta yamma, na tsoma gora a ciki don ya ga zurfi, na ɗauko masa tsagar bangon Inna. Prosper yana fassarawa. Mai Kifi ya ce kafin a samu mai yin sabon kwalbati, mu kwashe ɓaraguzan, mu haƙa wa ruwan 'yar hanya ta kauce wa bangon, mu jera buhunan yashi. Ya ƙare da cewa yana fatan wata rana ya zo ya gani da idonsa.

Muka kira gayya. Asabar da safe matasa suka fito da diga da shebur, Anti Patricia ta dama kunun zaƙi, Inna ta soya ƙosai. Mun fara kenan, ko gumi bai gama tsattsafowa ba, sai ga motar Honarabul Ɗanlarai. Ya fito babbar riga na jan ƙasa.

"Ku dakata! Kada wanda ya sake taɓa ramin nan!"

"Ranka ya daɗe, gyarawa muke," na ce.

"Shi ne na ce ku dakata. Kun san abin da ke faruwa kuwa? Ramin nan ya yi suna a Turai. Turawa ɗaruruwa suna magana a kansa dare da rana. Akwai likita a cikinsu, akwai wata Madam Olga, babbar mace ce, daga jin maganarta ka san ta riƙe muƙami. Har Hausa suka koya saboda mu. Bature fa akwai naci. Akwai ma wani mai suna kamar na Fulaninmu."

Hammajoda ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

"Babban injiniyansu ya ce zai zo da kansa," Honarabul ya ci gaba. "Kuma Bature ba ya zuwa hannu rabbana. Tallafi ne zai shigo mazaɓar nan. To in kun gyara, in sun zo me za su gani? Hanya lafiyayya? Wa yake ba lafiyayye magani?"

Anti Patricia ta ajiye ludayi.

"Honarabul, a ina ka ga duk wannan? Ba an ce an rufe abin ba?"

Ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Labari ya iso mini ta hanyar da ta dace."

Kafin azahar an zagaye ramin da jar igiya, an kawo benci, an zaunar da 'yan banga biyu. Har sharar da muka kwashe sai da ya sa aka mayar, wai ta fi fitowa a hoto. Ramin da ya yi wata da watanni ba mai kallonsa, yau ga shi da masu gadi kamar banki.

A makon nan aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Ruwan ya zo ya tarar da sharar da aka mayar, ya juya ya doki bangon Inna. Da aka ɗauke, yaɓen waje ya zube, tsagar ta buɗe har kana iya hango hasken rana daga kan gadonta. Na ɗauki shebur na fita. 'Yan bangan suka karɓe, cikin ladabi, ɗayan har yana ba ni haƙuri, ya ce shi ma Mista Gustaf ne a can, amma aiki aiki ne.

Na koma na tarar Inna ta cusa tsumma a tsagar, ta janye gadonta kaɗan, ta shimfiɗa dardumarta inda take shimfiɗawa kullum.

"Inna, don Allah ki koma ɗakin gaba. Ko na wata ɗaya."

"Ubanka ya kwaɓa ƙasar nan da ƙafarsa. Akwai shatin yatsunsa a bayan ƙofa, ka duba. Ba ni zan gudu in bar wa ruwa ba."

Washegari muka taru a rumfar Anti Patricia, ta kashe injin don mu ji juna. Prosper ya ce a je a gaya wa Honarabul gaskiya.

"Wace gaskiya?" in ji Hammajoda. "Mu je mu ce, ranka ya daɗe, mu ne Turawan? Mu kai kanmu da ƙafarmu? Da ladan da kowa? Kai in an kama ka yayarka za ta kai maka abinci. Ni wa zai kai mini?"

"To mu ƙara matsa masa."

"Matsawar ce ta kawo mana masu gadi," in ji Anti Patricia. "Ƙara matsawa ka ga an kawo sojoji."

Ashe Inna tana tsaye a bayanmu da bokitin wake da ta kawo markaɗe. Ta ajiye shi a layi, ta zauna a bakin benci.

"Ɗanlarai kuke magana? Na san shi tun yana yawo ba wando. Uwarsa maƙwabciyarmu ce a cikin gari. In tana son ya ɗebo ruwa ba ta dukansa, don in ka doke shi kwanciya yake a ƙasa. Sai ta leƙa ta katanga ta ce wa maƙwabciya, da ƙarfi yadda zai ji, wai duk unguwa ba yaro mai ɗibar ruwa irin Ɗanlarai. In ta ga bai motsa ba, sai ta ƙara da cewa, ko da yake ɗan gidan liman ma ba baya ba. Kafin ta rufe baki randa ta tumbatsa."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun yi wata kuna zaginsa," ta ce. "Hafizu, ɗauko wayar. Madam Olga tana da magana."

Abin da ta faɗa na rubuta, Prosper ya juya shi zuwa Turanci mai nauyi, shi ne: kwamitinmu ya zauna. Mu ba ma ba da tallafi ga rami, don rami ba ya godiya. Lambar yabo muke bayarwa ga kansilan da ya gyara nasa da ƙoƙarin kansa. Mun ji labarin wani haziƙi a Fadaman Mada, ko da yake an ce akwai wani a wata mazaɓar da shi ma ba baya ba. Za a duba aiki ranar Asabar ta ƙarshen wata. A gaggauta. Ruwa ba ya sallama.

Kafin magariba duk Turawan unguwa sun maimaita. Dokta Hans ya ce bai taɓa ganin hula mai kwarjini irin ta Honarabul ba. Mista Boris ya yi masa doguwar addu'a har da salati, sai da na je na roƙe shi ya rage.

Abin da na ji tsoro shi ne Mai Kifi. Ya kuwa rubuto yana tambayar wane kwamiti ne wannan da bai san da shi ba a ƙasarsu. Na aika masa saƙo ta gefe, ni da Prosper, muka zayyana masa komai, har da randar uwar Honarabul. Sai ga fuskokin dariya sun cika waya, a ƙasansu ya rubuta: ku ce ni ne shugaban kwamitin.

Daga nan ya fito fili ya jero sharuɗɗa. Kaurin rodin da za a sa, yawan siminti a kan yashi da tsakuwa, yadda za a karkata bakin kwalbatin ya ba bangon baya. Ya ce duk kansilan da ya rage ko ɗaya, lambar ta wuce shi.

Washegari da sassafe ƙarar tifa ce ta tashe mu. An cire jar igiya. 'Yan bangan da suka karɓe mini shebur su suka dawo mini da shi, suka ce in sa hannu. Honarabul da kansa ya tsaya a kan magina. Lokaci zuwa lokaci sai ya juya baya, ya cusa kai cikin babbar riga kamar mai neman ƙuma, ya fito ya ce:

"Wannan rodin ya yi siriri. A canja."

"Ranka ya daɗe, ai da irinsa muke yi ko'ina," in ji magini.

"Shi ya sa ko'ina yake ruftawa. Ni na san aikin nan, a jinina yake."

Ban taɓa ganin aikin hukuma da aka zuba wa siminti irin wannan ba. Maginin har ƙwalla ya yi, ya ce tun da ya fara sana'a ba a taɓa barinsa ya yi aiki yadda aka koya masa ba. Kullum da safe Honarabul yakan zo ya tabbatar an yayyafa wa simintin ruwa, don shugaban kwamiti ya ce a yi. Mu kuma kullum idonmu na gabas. Ruwa ya yi mana kara, sai yayyafi da ba ya kai ko'ina.

Ranar Asabar ta ƙarshen wata aka kafa rumfuna biyu a bakin kwalbatin. Kujerun roba, lasifika, lemon kwalba a cikin ƙanƙara, da allo mai ɗauke da sunan Honarabul da haruffan da suka fi kwalbatin faɗi. Aka ware kujeru masu laushi a gaba don baƙi. Aka soyo kifi faranti-faranti, saboda Honarabul ya lura shugaban kwamiti mutum ne mai son kifi. Aka gayyaci duk unguwa don baƙi su ga jama'a.

Muka zo kuwa. Madam Ingirid da ɗankwalin zuwa coci, Dokta Hans da tef ɗin awo a wuya, Mista Boris da carbi, Hamma Jodaski ya wanke hannu har da sabulu. Madam Olga ta sa atamfar da take ajiyewa don Sallah. Muka zauna a baya muna jiran isowarmu.

Azahar ta yi, ta wuce. Honarabul yana kai da komo, yana duban titi, yana cusa kai cikin riga. Mai lasifika ya gaji da cewa baƙinmu suna kan hanya. Ƙudaje suka fara kai wa kifi gaisuwa.

Wajen la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso ta ɗauki allon sunan Honarabul ta kai shi rumfar Hammajoda. Sannan ruwa ya sauko, irin wanda ba ya farawa da yayyafi.

Ba wanda ya gudu gida. Duk muka yi bakin kwalbati, har da masu atamfa. Muna tsaye muka ji shi tun kafin mu gan shi: jan ruwa daga saman unguwa, ɗauke da ledoji da takalmin wani da rabin kujera. Ya iso daidai inda ya saba juyawa don ya doki bangon Inna. Sai bakin kwalbatin ya karɓe shi, ya haɗiye, ya fitar da shi ta ɗaya gefen, ya miƙa shi gangare. Ko jiƙa gindin bangon bai yi ba.

Unguwa ta ɗauki ihu. Mata suka rangaɗa guɗa, ladan ya yi kabbara, Anti Patricia ta ce Haleluya ta rungume wanda ke kusa da ita, ashe maginin ne. Inna kuwa bangon ɗakinta ta nufa. Ta taka a hankali ƙarƙashin lemata, ta dafa bangon da tafin hannunta, ta daɗe a haka.

Honarabul ya ƙaraso, rigarsa ta manne masa, hular ta kwanta.

"Hajiya, kin gani ko? Ruwan nan ne ya hana su. Ƙila jirginsu bai samu sauka ba. Da ya ɗan jira ko zuwa magariba..."

"Ai ruwa ba ya sallama, ɗan nan," in ji Inna.

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Ya dube ta. Ya dubi wayar da ke ɗaure a bakin mayafinta. Ya juya a hankali ya dubi telan, ya dubi ladan. Idonsa ya sauka a kan Hammajoda ya daɗe, leɓunansa suna motsi kamar mai haɗa baƙi.

"Honarabul, lafiya?" in ji Anti Patricia. "Ka taɓa jin maganar a wani wuri ne?"

Duk muka zuba masa ido. Ruwa na sauka daga bakin hularsa zuwa hancinsa.

"A'a," ya ce. "Ban taɓa ji ba. A ina zan ji?"

"To madalla," in ji Inna. Ta ɗaga murya yadda na bayan rumfa ma za su ji. "Jama'a ku shaida, duk garin nan ba kansila mai gyaran kwalbati irin Ɗanlarai. Allah ya jiƙan uwarka, ta haifa. Allah ya yi maka albarka."

Aka amsa da amin mai ƙarfi, aka hau tafi. Na ga fuskarsa tana kokawa da kanta, fushi na ja, murmushi na ja. Murmushin ya yi nasara. Ya karɓi abin magana a hannun mai lasifika, ya sanar cewa baƙi sun aiko da saƙo ta hanyar da ta dace, sun yaba ƙwarai, kuma sun ce a ba jama'ar unguwa kifinsu.

Turawa suka ci kifi har da ƙaya.

Ana watsewa ya ja ni gefe, ya zaro waya daga cikin riga ya danna mini a hannu.

"Ta wani abokina ce. Wai ta maƙale a wata ƙasa, sai tallan rigar sanyi take nuna masa. Ka dawo masa da ita."

Na kunna. Hoton da ke fuskar wayar nasa ne, yana nuna rami da ɗan yatsa. Na ce abokin nasa ya aiko gobe da safe.

Da aka samu rana a makon da ya biyo, ni da Hammajoda da Prosper muka kwaɓa jar ƙasa muka cike tsagar, Inna tana zaune a kan turmi tana gaya mana ba haka Baba yake yi ba. Na aika wa Mai Kifi hoton bangon da na ruwan yana wucewa ta ƙarƙashin kwalbati. Ya amsa da cewa aikin ya yi, ya haɗo da hoton sabon kifin da ya kama. Na nuna wa Inna. Ta kalli kifin, ta kalli gemun, ta ce Allah ya saka wa bawan nan da alheri.

Sannan ta cire tsumman da ta cusa ta ciki, ta sa na tura mata gadon ya koma jikin bango, daidai inda yake a da.